Mu Leƙa Duniya: Jirgin Da Aka Ƙera Don A Harbo Shi

 A wannan wata za mu bar tudu mu shiga teku, domin akwai wani abu da kan ba mutane mamaki in sun ji shi, wato a ce gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta ƙera jirgin sama sabo fil, da injinsa da fukafukansa, sa'an nan ta miƙa wa sojojinta na ruwa ta ce su harbo shi. Wanda ya ji wannan karon farko zai ce almubazzaranci ne kawai, ko kuwa kuɗi ne suka yi wa Turawa yawa har sun rasa inda za su kai su. To, ku biyo ni a hankali, domin a ganina cikin dukan kayan da sojan ruwa ke saye da wuya a sami wanda ya fi wannan jirgi faɗa masa gaskiya.

Yau kusan kullum in ka buɗe rediyo sai ka ji an ce jirgi maras matuƙi ya kai hari wuri kaza, ko an kakkaɓo wani a wuri kaza. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, aikin farko da irin waɗannan jirage suka daɗe suna yi shi ne zama abin koyon harbi, kuma sojojin ruwa ne suka fi kowa matsa lamba a ƙera su.

Yadda abin ya faro

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wata gardama ta tashi tsakanin hafsoshin Ingila da na Amurka. Mayaƙan sama suka ce zamanin manyan jiragen ruwan yaƙi ya wuce, domin jirgin sama ɗaya da bam zai iya nutsar da su. Manyan hafsoshin ruwa kuwa suka ce ƙarya ne, igwoyin da ke kan jiragensu za su kakkaɓo duk abin da ya doso su. Kowa ya kafe a kan bakarsa, kuma babu yadda za a raba gardamar, tunda ba za a sa mutum ya tuƙa jirgi a ce a yi ta harbinsa da harsashin gaske ba.

Dabarar da ake yi a lokacin ita ce, jirgin sama ya ɗaura wani dogon ƙyalle mai kama da buhu a igiya ya riƙa jansa a baya, 'yan igwa kuma su riƙa harbin ƙyallen. Amma fa ƙyallen nan tafiya yake a miƙe, ba ya kaucewa, ba ya sauri, ba ya kuma doso mai harbi gadan-gadan yadda abokin gaba zai yi. Tamkar ɗan dambe ne da bai taɓa karawa da kowa ba sai buhun yashi, ya riƙa cika baki a dandali.

Sai Ingilishi suka ɗauki wasu jiragen sama guda 3 irin masu sauka a kan ruwa, suka sa musu na'urar da ake sarrafawa da rediyo daga nesa, suka raɗa musu suna Fairey Queen. Biyu na farko sun faɗa teku jim kaɗan da cilla su a 1932. Na ukun ne ya tashi lafiya, kuma a watan Janairu na 1933 aka kai shi wajen rundunar jiragen ruwan Ingila a yankin Bahar Rum aka ce su gwada hannunsu. Jirgin nan ya yi ta shawagi a kansu har kimanin awa 2, igwoyi suna ta aman wuta, daga ƙarshe ya sauka a kan ruwa babu ko ƙwarzane a jikinsa. Gani ya kori ji. Rundunar da duniya ke tsoro a wancan zamani ta kasa taɓa jirgi ɗaya tak mai tafiyar hawainiya, wanda ko ramawa ba ya yi.

Daga nan aka ba kamfanin de Havilland aikin ƙera mai araha, wanda aka samo daga ɗan jirgin koyon tuƙi da ake kira Tiger Moth. Ya fito a 1935 da sunan Queen Bee, ma'ana sarauniyar zuma, kuma an ƙera kimanin 400. Babban hafsan sojan ruwan Amurka na lokacin, Admiral William Standley, ya ga yadda yake aiki a Ingila, da ya koma gida sai ya ɗora wa wani hafsa mai suna Delmer Fahrney nauyin yi wa Amurka irinsa a 1936. Fahrney ne ya kira nasa da kalmar nan da kuke ji a bakin matasa yau, wato duron, wadda a Turanci ke nufin namijin ƙudan zuma, don girmama sarauniyar zuman Ingilishi. Sunan kuwa ya dace, domin namijin zuma ba shi da ƙari, ba ya harbin kowa. Da aka gwada na Amurka a 1938 a kan jirgin ruwan Ranger mai ɗaukar jiragen sama, 'yan igwarsa su ma ba su same shi ba.

Darasin ya isa kunne, amma gyara bai kammala ba yaƙi ya zo. Ranar 10 ga Disamba 1941 jiragen saman Japan suka nutsar da manyan jiragen ruwan Ingila biyu, Prince of Wales da Repulse, a gaɓar Malaya, mutane wajen 840 suka halaka. Abin da jirgin koyon harbi ya nuna a cikin wasa kusan shekara 9 kafin nan, shi ne ya tabbata da jini. A lokacin yaƙin ne sana'ar ta bunƙasa. Wani ɗan wasan fim haifaffen Ingila mai suna Reginald Denny, wanda ke sha'awar ƙananan jiragen wasa, ya kafa kamfanin Radioplane a Kalifoniya, aka ƙera ƙananan jiragen koyon harbi wajen 15,000 domin sojojin Amurka. A masana'antar nan ce wani mai ɗaukar hoto na soja ya ga wata yarinya ma'aikaciya ya ɗauke ta hoto, ita ce daga baya duniya ta sani da suna Marilyn Monroe.

Yadda yake aiki

Na zamanin yanzu ya yi nisa da waɗancan na katako. Yawancinsu suna da injin jet, tsawonsu kuma bai wuce na ƙaramar mota ko babba ba, akan kuma shafa musu fenti ja ko ruwan lemo don a gan su da sauƙi. Ana ɗora shi a kan wani ƙarfe mai gangare a bakin teku ko a kan jirgin ruwa, ƙananan rokoki su cilla shi sama su faɗi, injinsa ya karɓi aiki. Wasu kuma daga ƙarƙashin fiffiken babban jirgin sama ake sakinsu. Masu sarrafa shi suna zaune a ɗaki a tudu suna kallon allo, ko kuma a shirya masa hanyarsa tun kafin ya tashi.

Gwanintarsa ita ce kwaikwayo. Ana iya sa masa wani abu mai mai da hasken rada, sai ɗan ƙaramin jirgi ya bayyana a allon rada kamar ƙaton jirgin yaƙi. Ana iya kunna masa wuta a bakin fiffike don makamai masu bin zafi su bi shi. Ana iya sa shi ya riƙa watsa siginar da ke rikita rada, ya yi zilliya hagu da dama, ko ya sauko ƙasa-ƙasa yana shafar ruwa. Abu mafi muhimmanci kuma, yana ɗauke da na'urar da ke auna nisan da harsashi ko makami ya wuce shi. Ke nan ko ba a taɓa shi ba, in ya dawo zai ba da shaida cewa makami kaza ya wuce ni da mita kaza. A nan babu cika baki, babu kuma kunyar manya.

In ya tsira, sai a kashe injinsa, laima ta buɗe, ya sauka a hankali a kan ruwa yana yawo, jirgi mai saukar ungulu ko ƙaramin jirgin ruwa ya je ya ɗauko shi. A wanke shi da ruwan daɗi saboda gishiri, a gyara, a sake amfani da shi. Wani lokaci kuma akan rasa inda ya faɗa, igiyar ruwa ta yi gaba da shi. A watan Janairu na 2013 masunta a kusa da tsibirin Masbate na ƙasar Filifin sun tsinci wani na sojan ruwan Amurka yana yawo a teku, suka jawo shi gaɓa, har hankalin mutane ya tashi ana zaton bam ne ko jirgin leƙen asiri.

Sunayensu suna da yawa. Amurka ta yi Firebee wanda ya fara tashi a 1951, ta kuma yi Chukar a shekarun 1960, wanda aka ba sunan wani tsuntsu dangin makwarwa da mafarauta ke harbi. Daga baya kamfanin Kratos ya ƙera mata BQM-177A wanda ya gaji Chukar. Ingila tana da Banshee, har an cilla shi daga kan sabon jirgin ruwanta mai ɗaukar jirage, shi ma mai suna Prince of Wales, a 2021. Italiya ta yi Mirach, Indiya ta yi Lakshya, Ostareliya ta yi Jindivik.

Maganar daƙiƙoƙi ce

Mai karatu zai ce, to me ya sa har yanzu ake ta wannan wahala bayan ga kwamfuta da za ta iya kwaikwayon komai? Amsar tana cikin abin da ya sami wasu jiragen ruwa uku. Ranar 21 ga Oktoba 1967 ƙananan jiragen ruwan Masar suka nutsar da jirgin yaƙin Isra'ila mai suna Eilat da makamai masu linzami ƙirar Tarayyar Sobiyat, mutum 47 suka mutu. Ranar 4 ga Mayu 1982, a yaƙin tsibiran Fokland, jirgin saman Ajantina ya harbi Sheffield na Ingila da makamin Exocet ƙirar Faransa, mutum 20 suka mutu, jirgin kuma ya nutse bayan 'yan kwanaki. Ranar 17 ga Mayu 1987 jirgin saman Iraƙi ya harbi Stark na Amurka da Exocet guda 2 a Tekun Fasha, mutum 37 suka rasa rayukansu. Shi Stark yana da bindigar kare kai da aka yi musamman don irin wannan rana, amma ba ta yi harbi ko ɗaya ba, domin ba a sa ta cikin shirin harbi ba.

Ga lissafin. Duniya a dunƙule take, saboda haka rada da ke kan jirgin ruwa ba ta ganin abin da ke tafe yana shafar ruwa sai ya matso kamar kilomita 30. Makami irin Exocet yana cin kusan mita 300 a daƙiƙa ɗaya, ke nan daga ganinsa zuwa isowarsa daƙiƙa 100 ne ko ƙasa da haka. In kuwa irin wanda ya ninka saurin sauti sau biyu da rabi ne, daƙiƙa 35 kacal ake da su. A cikinsu ne za a gane mene ne, a sanar da kwamanda, ya ba da izini, a harba, in an kuskure a sake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfuta za ta iya nuna abin da ya kamata ya faru, amma ba ta san cewa wata waya ta yi tsatsa saboda gishiri ba, ko cewa yaron da ke gaban allo hannunsa zai yi rawa.

Don haka ne a shekarun 1990, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, Amurka ta yi abin da ba a taɓa zato ba. Ta sayi makamai masu linzami ƙirar Kh-31 daga Rasha, aka cire musu bam, aka mai da su abin koyon harbi da sunan MA-31. Wato ta je wurin wanda take tsoron makaminsa ta sayo makamin don ta gwada kanta da shi. Daga baya ta ƙera nata mai suna Coyote, wanda ke gudu fiye da ninki biyu na saurin sauti, mita kaɗan daga saman ruwa. Shi ba ya dawowa, tashi ɗaya yake yi.

Wasan da ke iya zama gaske

Kada mu ɗauka abin ba shi da haɗari. Ranar 16 ga Agusta 1956 sojan ruwan Amurka suka tayar da wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar Hellcat da aka mai da shi maras matuƙi, daga sansanin Point Mugu a Kalifoniya, da niyyar ya nufi teku. Sai ya ƙi jin umarni ya juya ya nufi wajen birnin Los Anjeles. Aka tura jiragen yaƙi 2 na zamani su harbo shi. Sun harba rokoki 208, ko ɗaya ba ta same shi ba. Rokokin suka faɗa ƙasa suka ta da gobarar da ta cinye daji wajen eka 1,000, ɓaraguzansu suka faɗa kan gidaje da motoci a garin Palmdale. Shi kuwa gogan naka sai da mansa ya ƙare ya faɗi da kansa a cikin hamada. An yi sa'a babu wanda ya mutu.

A watan Fabrairu na 1983 ba a yi wannan sa'a ba. Jirgin ruwan Antrim yana gwada bindigarsa ta Phalanx, mai baki 6 wadda ke fesa harsashi dubbai a minti ɗaya. Ta sami jirgin koyon harbin kuwa, amma ya riga ya matso ƙwarai, sai ɓaraguzansa suka daki ruwa suka yi tsalle suka faɗa wa jirgin, man da ya rage ya kama wuta, wani malami farar hula da ke ciki ya rasu. Haka kuma ranar 16 ga Nuwamba 2013, a gaɓar Kalifoniya, wani Chukar da ya kamata ya juya tun daga nesa ya ƙwace wa masu sarrafa shi ya huda gefen jirgin ruwan Chancellorsville. Sojoji 2 sun ƙone kaɗan, gyara kuma ya ci kimanin dala miliyan 30. Bincike ya nuna na'urar sarrafawa ta sami matsala, ba a yi gargaɗi da wuri ba, mutanen jirgin kuma ba su yi harbi ba, domin a zatonsu atisaye ne ake yi kamar kullum.

A nan ne tsaka mai wuyar take. In aka sa jirgin koyon harbi ya doso jirgin ruwa kai tsaye kamar yadda makamin gaske zai yi, ana iya kashe mutane a ranar da babu yaƙi. In kuwa aka sa shi ya ratsa ta gefe daga nesa don a zauna lafiya, to an koma gidan jiya, an koma harbin ƙyalle. Mafitar da Amurka ta samu ita ce ta ɗauki wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Paul F. Foster da aka sallama daga aiki a 2003, ta ɗora masa rada da makaman da take son gwadawa, ta sa masa na'urar sarrafawa daga nesa. Ranar gwaji mai haɗari sai a kwashe mutane duka, jirgin ruwa maras kowa ya kare kansa daga makami maras kowa.

Wani abin sha'awa kuma, gwanin kwaikwayo yakan yi amfani a fagen daga. A daren farko na yaƙin Tekun Fasha, cikin Janairun 1991, Amurka ta saki Chukar sama da 30 zuwa cikin Iraƙi. Masu tsaron sama suka ɗauka jiragen yaƙi ne, suka kunna rada suna harbi, da haka suka tona inda suke ɓoye, jiragen gaske suka biyo baya suka far musu.

Abin da ya rage mana

A Bahar Maliya an ga amfanin wannan horo a fili. Ranar 19 ga Oktoba 2023 jirgin ruwan Amurka mai suna Carney ya shafe sa'o'i yana kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa da 'yan Husi suka harbo daga Yaman, a watan Disamba na shekarar kuma Diamond na Ingila ya harbo wani. Rikicin ya sa manyan jiragen dakon kaya da yawa suka ƙaurace wa mashigin Suwez suka riƙa zagayo Afirka ta kudu, tafiya ta ƙaru da kwana 10 ko fiye, kuma 'yan kasuwarmu masu jiran kaya a tashoshin ruwa sun san abin da hakan ya yi wa kuɗin dako. Wata sabuwar matsala kuma ta fito, domin makamin da ake harbawa yakan kai dala miliyan 2, abin da ake harbowa kuwa kuɗinsa bai kai ko kusa ba. Namijin zuman da ba ya harbi ya haifi jikoki masu ƙari, ga su da araha, ga su da yawa, dole kuma a koyi tare su da abin da aljihu zai iya ɗauka.

Ni dai abin da na ɗauka daga labarin nan shi ne, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da aka sassauta don kowa ya ci, mai shi kaɗai yake yaudara. Hafsoshin Ingila sun ji kunya a 1933, amma kunyar awa 2 ce, babu wanda aka binne. Wadda ta zo a 1941 ita ce mai tsada. Saboda haka duk ranar da kuka ji a rediyo cewa wata ƙasa, babba ko ƙarama, ta sayo sabon jirgin ruwan yaƙi, ko kuka ga an jera makamai ana fareti ranar bikin 'yancin kai, ku yi tafi in kuna so, amma ku tambayi kanku yaushe rabon da a harba su a kan abin da ke motsi, wa ya ƙirga sakamakon, kuma an bar shi ya faɗi gaskiya ko kuwa. 'Ya'yan talakawa ne ke cikin jiragen nan, su ne kuma za su biya bashin in amsar ba ta da kyau.

A nan za mu dasa aya. Mai ƙarin bayani ko gyara, musamman tsofaffin sojojin ruwa da ke cikinmu, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai wata mai zuwa in rai ya kai mu, ku huta lafiya.